Kai baƙi unguwannin talakawa da wuraren sana'a a Abuja: amsa ga mai son fara harkar

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce ka gama bautar ƙasa kana zaune a Kubwa ba aiki, ka ga bidiyon yadda ake kai Turawa yawo cikin unguwar Dharavi ta birnin Mumbai a Indiya suna biyan kuɗi, kana so ka san ko irin wannan za ta yiwu a Abuja da inda za a kai mutane, sannan wani abokinka ya ce maka wannan cin mutuncin talaka ne, mayar da shi abin kallo ne kawai. To ni na fi shekara goma ina kai mutane irin waɗannan wurare, yawanci ɗaliban jami'a da masu bincike da 'yan jarida, sai ma'aikatan ƙungiyoyin waje da suka gaji da zaman otal, don haka bari in gaya maka abin da na sani ba ɓoye-ɓoye.

Abokin nan naka kada ka yi fushi da shi, rabin gaskiya ya faɗa. Wallahi akwai masu yin wannan harka ta hanyar da ba ta dace ba, su cika mota da baƙi, a sauke gilashi a ɗauki hoton yaro ba riga a bakin kwata, a ɗaga gilashi a wuce, mutanen unguwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba kuma ko sisi bai shiga hannunsu ba. Wannan kam cin mutunci ne, ni ma ba na yi kuma ba zan koya maka ba. Amma ka koma ka kalli bidiyon Dharavin da kyau. Abin da ya sa mutane ke zuwa wurin shi ne sana'a. Unguwa ce da ba ta kai murabba'in kilomita 3 ba amma a ciki ake niƙa tsohuwar roba a sake sarrafa ta, a ciki ake aikin fata da ɗinki, akwai sashe guda na magina tukwane da ake kira Kumbharwada. Kuma kamfanin da ya fi suna wajen kai baƙi can ya hana baƙinsa ɗaukar hoto a cikin unguwar. Wannan dokar ita ce abin da zan so ka fara ɗauka daga wajensu tun kafin komai.

Ni abin da nake gaya wa duk baƙon da ya zo tun kafin ya shiga mota shi ne, zan kai ka ka ga yadda ake aiki, wajen mutanen da suka san za mu zo kuma suka yarda mu zo. In talauci kake son gani ka nemi wani.

Yanzu Abuja. Kafin ka kai kowa ko'ina sai kai kanka ka iya bayanin me ya sa garin ya zama haka, don baƙo mai hankali tambayar da zai fara yi kenan. A 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Murtala ta kafa dokar sabon babban birni, aka zana taswirar garin a ƙarshen shekarun 1970, sai 12 ga Disamba 1991 Babangida ya taso daga Legas. An zana wa ma'aikatu da manyan ma'aikata wurinsu tsaf, amma birkila da kafinta da leburan da suka gina garin, da direba da mai gadi da mai shara da ke riƙe da shi kullum, kuɗin hayar cikin gari ya fi ƙarfinsu, shi ya sa suka tare a Nyanya da Karu da Mararaba, wadda ma a jihar Nasarawa take, da Gwagwa da Karmo da Mpape da Lugbe da Zuba. Ga kuma 'yan asalin ƙasar da garin ya zo ya same su, musamman Gbagyi, mu Hausawa mun saba ce musu Gwari amma in kana gabansu ka ce Gbagyi, shi suka fi so. Za ka ga ƙauyensu a tsakiyar Garki ko Mabushi ko Jabi, manyan benaye sun kewaye shi. In ka tsayar da baƙo a gefen titin Nyanya da ƙarfe bakwai na safe ya ga ruwan mutanen da ke kwarara cikin gari, ya riga ya fahimci rabin labarin ba sai ka yi dogon surutu ba.

Wannan gosulon ma shi ne zai tsara maka tafiya. Da safe kowa cikin gari ya nufa, kai kuma waje za ka fita, hanya a buɗe take. Ka dawo kafin la'asar lokacin da su kuma suka fara komawa gida. Ranar Juma'a ka gama komai kafin sha biyu ko ka bar ta gaba ɗaya.

Wurin da na fi son farawa shi ne wajen 'yan gwangwan da panteka, wato kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan bola, don a nan baƙo ke gane cewa abin da yake jefawa a bola dukiyar wani ce. Yaron da ka gani da buhu a kafaɗa da ɗan mayen ƙarfe ɗaure a sanda, shi ne matakin farko. Ya kawo wa mai sikeli a auna a biya shi kilo-kilo, mai sikeli ya ware kaya, jan ƙarfe daban don shi ya fi tsada, alminiyam daban, baƙin ƙarfe daban, robar ruwa daban, kwali daban, in ya taru dila ya zo ya saya a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun. A gefe kuma ga masu sayar da tsofaffin ƙofofi da tagogi da kwanon rufi da tayil da aka ciro daga gidajen da aka rushe, talaka ya zo ya saya ya gina nasa. Akwai masu zubin tukunya da nake kai mutane wajensu a bayan gari, kuma ban taɓa kai baƙo can ya ce mu yi sauri mu tafi ba. Dattijon da ke shugabantar rumfar zai ɗauko tukunyar samfuri ya kife ta cikin akwatin katako mai hawa biyu, ya zuba ƙasa mai laushi da ɗan danshi, ya danna ta da tafin hannu, ya bi da ɗan guntun itace yana daddaɓewa har ta kama, sai ya raba akwatin a hankali ya zare samfurin, siffar tukunyar ta zauna a cikin ƙasar kamar an zana. Can gefe yaronsa na juya wilin keke da aka haɗa da fanka yana hura gawayi, gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan inji suna narkewa a cikin kasko, alminiyam sai ya kai wajen digiri 660 kafin ya zama ruwa. A kwashe dattin da ya taso sama, a ɗauko da dogon awartaki mutum biyu, a tsiyaya ta 'yar ƙofar da aka bari. Minti kaɗan a fasa ƙasar, ga tukunya tana hayaƙi, a yanke tsinin a goge da magagari. Wata baƙuwa ta tambaye shi ta bakina yaya yake sanin danshin ƙasar ya yi daidai, bai ce komai ba, ya damƙi ƙasar ya buɗe hannunsa ta tsaya dunƙule ba ta warwatse ba kuma ba ta jiƙa masa tafi ba, ya miƙa mata ta taɓa. Ya ce in ruwa ya yi yawa ƙarfen zai yi tartsatsi ya ƙona mutum, in ya yi kaɗan siffar za ta rushe. Irin wannan nake nufi in na ce ka kai mutane su ga aiki. A wurin nan shi ne malami, baƙuwar ita ce ɗaliba, kuma kowa a rumfar ya ga haka.

Amma ka sani harkar panteka tana da zafi a Abuja. Saboda satar murafun kwalbati da wayoyin fitilun titi, a farkon 2025 hukumar birnin ta hana 'yan bola yawo cikin gari ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na wani lokaci don a tantance su. Don haka mutanen wurin a tsorace suke da baƙuwar fuska, in ka shiga da Bature da kyamara ba sallama za su ɗauka rahoto aka zo haɗawa a kansu. Sai ka bi ta hannun ciyaman ɗinsu.

Mpape kuma wani darasi ne daban. Tana kan tudu daf da Maitama, daga sama kana hango gidajen masu kuɗi, ita kuma unguwar dutse ce, kamfanonin fasa dutse sun daɗe suna aiki a wurin kuma tsakuwar da aka gina yawancin garin da ita daga irin waɗannan duwatsu ta fito. Za ka ga mata zaune ƙarƙashin 'yar rumfar buhu da guduma suna farfasa dutse zuwa tsakuwa suna tarawa a sayar wa masu tifa da masu ƙananan gini. Akwai tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika ya zama tafki, matasa na zuwa ɗaukar hoto, ka iya ƙarasawa da baƙi can su huta amma kada ka bar kowa ya shiga ruwan, yana da zurfi sosai. A Satumbar 2018 an ji motsin ƙasa a yankin har mutane suka firgita, in baƙo ya tambayi dattawan wurin za su ba shi labari da bakinsu.

A Mpape ɗin ne zan ja maka kunne kan abin da ya bambanta Abuja da sauran garuruwa, wato rusau. Zamanin da Nasir El-Rufai yake minista, 2003 zuwa 2007, an rushe unguwanni da dama da sunan dawo da taswirar asali, kuma abin bai tsaya daga kansa ba, har yau ana yi. Ita kanta Mpape a 2012 aka sanar za a rushe ta, mazauna suka tafi kotu, sai 2017 kotu ta yanke hukunci a kan kada a tashe su. Mutumin da ya kwana shekaru yana jiran katafila, in ya ga baƙo na ɗaukar hoton gidansa ba zai ga wasa a ciki ba. Hoton da baƙonka zai sa a Facebook ko Instagram ya rubuta sunan layin ya ce ku dubi ƙazantar da ke bayan Maitama, shi ya hau jirgi ya tafi, baƙo raɓa ne, amma masu gidan suna nan da fargabarsu, kai ma kana nan. Shi ya sa dokata ita ce waya a aljihu. In an zo wajen mai sana'a ni nake neman izini da bakina, in ya yarda a ɗauki hannunsa da kayan aikinsa, fuskarsa sai in shi ya ce a ɗauka. Ba a ɗaukar yara, ba a ɗaukar almajirai, ba a ɗaukar cikin gida, ba a rubuta sunan layi. Jirgin ɗaukar hoton nan mara matuƙi kuwa kada ma ka bari a fito da shi daga jaka, yana buƙatar izinin hukuma kuma Abuja ba garin da ake wasa da wannan ba ne.

Na koyi wannan ne da tsada. Shekarun baya na kai wasu mutum huɗu wata unguwa wajen masu yin alawar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na juya ina magana da mai gidan a zaure, ashe ɗaya daga cikinsu ya leƙa ta katangar langa-langa ya ɗauki matan gidan suna suya ba lulluɓi. Wata yarinya ce ta gani ta faɗa. Mai gidan bai ɗaga murya ba, ya dai ce Malam ka kwashi baƙinka. Na sa aka goge hoton a gabansa, na koma washegari ni kaɗai na ba da haƙuri, na sake komawa da limamin layin, amma sai da aka fi shekara kafin wani a layin nan ya yarda in kawo mutum. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don mutumin nan ya amince da ni ne ya buɗe min zaurensa. Tun daga ranar nake bayanin "ba shiga" tun a mota, kuma in akwai sana'ar mata a cikin tafiyar sai na ɗauki mace 'yar unguwar ta shiga da baƙi mata kaɗai, mu maza mu tsaya a waje.

Sauran wuraren ba sai na daɗe a kansu ba, kai ma ɗan gari ne. Dei-Dei kusa da kai take, ga kasuwar kayan gini ga 'yan katako ga kara, wato kasuwar dabbobi. Apo wajen makanikai da 'yan sifiya, Kugbo wajen kafintoci masu kujeru da gadaje, kasuwar kifi ta Kado, 'yan lemo da ayaba a Zuba, gwanjon Karmo ranar Talata. Kada ka haɗa fiye da uku a rana ɗaya, mutane na gajiya kuma rana na da zafi.

Ushafa dai ina so ka ba ta muhimmanci, tana ƙaramar hukumar Bwari kusa da madatsar ruwan Usuma. Matan Gbagyi ke ginin tukwane da hannu, ba injin juyi, matar ce ke zagaya tukunyar tana jan yumɓun sama har ta tashi. Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a Agustan 2000 lokacin yana shugaban Amurka. Dabarar da nake yi, sai in ciro naira ashirin in nuna wa baƙi bayanta, ga Ladi Kwali tana gina tukunya, in ba su labarin yadda a 1954 ta shiga cibiyar tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya kafa a garin da a lokacin ake kira Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, ta rasu a 1984. Daga nan duk wanda ya ga matan Ushafa da wani ido zai gan su, kuma nan ne baƙi suka fi sayen kaya. Sai dai ka riƙa tambayar halin tsaro kafin ka tafi, yankin Bwari ya yi fama da masu satar mutane a farkon 2024, ni in mutanena na can suka ce yau kada ka zo to ba na zuwa ko an riga an biya, gara in mayar da kuɗin.

Maganar kuɗi, a nan ake gane mai gaskiya. Ni tun farko nake ware kaso na masu sana'ar da za a tsaya wajensu, don ka tsayar da mutum daga aikinsa na rabin awa kana yi masa tambayoyi, wannan lokacin abincin iyalinsa ne. Ina ba shi a hannunsa, a keɓe, ba a gaban baƙi ba, kuma kafin a zo mun riga mun yi magana ya san nawa ne. Ban da wannan ina ƙarfafa baƙi su saya, tukunya ko ludayi ko murhun gawayi ko ƙuli-ƙuli, kuma ba na karɓar la'ada a kan cinikin, in ka fara karɓa za a riƙa ƙara wa baƙo kuɗi shi kuma zai gane. A kowace unguwa ina da ɗan rakiya ɗan wurin da nake biya, shi ke gaba ni ina baya, shi ya san layin da ake rigima da wanda aka yi rasuwa jiya. Abin da na hana shi ne rabon kuɗi ko alawa ga yara a titi, ranar farko abin sha'awa ne, zuwa wata uku duk yaron layin ya koyi bin baƙo da roƙo kuma iyayensu kai za su zarga. Wanda ya ce yana son taimakawa sai in haɗa shi da makarantar unguwar ko ƙungiyar masu sana'ar su yi magana kai tsaye, kuɗin kada ya bi ta aljihuna.

Kafin ka karɓi baƙo ko ɗaya ka yi wata biyu ko uku kana zuwa wuraren nan kai kaɗai. Ka gaida mai unguwa, ka gaida sarkin kasuwa da ciyaman na ƙungiya, ka san shugaban 'yan banga, ka sha shayi a teburin mai shayi har a daina kallonka. Ka gaya musu gaskiyar abin da kake son yi har da cewa kuɗi za ka samu, kada ka ce musu ƙungiyar agaji ce za ta kawo tallafi, wannan ƙaryar ta kashe wa mutane da yawa hanya. Wanda ya ce ba ya so ka gode masa ka wuce. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, don ofisoshi da jami'o'i ba sa biyan wanda ba shi da takarda da asusun banki na kasuwanci, ka samu direba ɗaya amintacce da motarsa, kada ka tare wa baƙi tasi a titi saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke shiga kamar masu tasi su yi wa fasinja fashi. Mutum biyar ko shida sun isa, fiye da haka kun toshe lungu kun hana mai kura da mai baro wucewa. Takalmi rufaffe dole ne saboda ƙusa da gilashi, sutura ta mutunci, ruwan sha a mota, da damina kuma ka duba sama don hanyoyin cikin Gwagwa da Mpape in an yi ruwa ba daɗi.

Kuma kada ka zauna jiran Turawa, ba su da yawa kuma yawancin ma'aikatan ofisoshin jakadanci an taƙaita musu inda za su je. Mafi yawan waɗanda nake kaiwa yanzu 'yan Najeriya ne, ɗaliban zanen gine-gine da tsara birane, makarantun kuɗi masu son yaransu su ga yadda ake ƙera abu, da 'ya'yan manya da aka haifa a Asokoro ba su taɓa taka Karmo ba. Tunda kana Kubwa ka fara da Dei-Dei da Ushafa, su ne a bakin ƙofarka. Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina da ɗalibai biyar da zan kai wajen masu zubin tukunya, akwai wuri ɗaya a mota, in kana so ka zo ka tsaya a baya ka ga yadda ake sallama da yadda ake fita, ƙarfe bakwai muke tashi.